Wutsiyar Kifin Chun-bae

Shekara ashirin da biyu Pyo Chun-bae ya yi yana gasa kifin jango, dogon nan mai santsi, a bakin kogin garinsu a kudancin Koriya. Duk angon da ya zauna a teburinsa, shi yake tura wa wutsiyar, inda kowa ya ce ƙarfin namiji yake. Sai ya kashe ido ya ce, "Cinye, ango, kada ka ba mu kunya."

Shi kuwa gogan sai da ya kai arba'in da shida ya auri Sun-rye mai ɗinki. Bawan Allah, wutsiya nawa bai ci ba, amma jiki ya yi sanyi. Kunya ta hana shi zuwa asibiti. Wani abokinsa ya samo masa allurar sinadarin maza, ya riƙa tsira wa kansa a ɓoye. Ƙarfi ya dawo, har waƙa yake yi a bakin gawayi.

Shekara biyu shiru, ba ciki. Uwarsa ta ɗora laifin a kan Sun-rye, ta riƙa aiko mata da baƙin jiƙo mai ɗaci. Kullum safe Sun-rye tana toshe hanci ta shanye.

Da suka je gwaji, likita ya yi masa bayani dalla-dalla. Idan sinadarin ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka ya wadata, ta daina aika wa maraina saƙo, su kwanta barci. Maniyyi yana fita, amma babu iri a ciki. Ya ce kafin irin ya dawo dole sai ya bar allurar wata da watanni, kuma sanyin jikin zai dawo.

Chun-bae ya yi kuka a mota. Ba sanyin jikin ya fi damunsa ba, jiƙon nan ne.

Ranar bikin girbi dangi suka taru ana gashin kifi. Uwar ta miƙo wa Sun-rye sabon ƙullin magani. Chun-bae ya karɓe, ya faɗi komai, har allurar. Tsohuwa ta sunkuyar da kai, ƙannensa suka kama tari.

Sai ya ɗauki wutsiyar ya sa a kan shinkafar matarsa. Ta ce ai ta maza ce wannan.

"Na sani," in ji shi. "Shekara biyu ke ce mai ƙarfin gidan nan."

Ta cinye tas.