Alwatikar Katako ta Malam Ramjohn

Ku gafarce ni, malamai da 'yan'uwana ɗalibai. Ni ce Shazeeda Karmally ta aji shida, wadda ko gaisuwarta sai an matso ake ji. Ban isa in yi rubutu a mujallar makaranta ba, amma yin shiru ya gagare ni.

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, shugabar makaranta ta tara mu ta sanar da rasuwar malaminmu na lissafi, Malam Haniff Ramjohn, a garin San Fernando, bayan gajeriyar rashin lafiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam, kai ka koya mana warware intigiral mai ɗauke da √(9 − x²). Ka ce x ya cika taurin kai, a ba shi hutu a sa 3 sin θ a gurbinsa, nan take abin ya narke ya koma 3 cos θ. Amma in an gama, dole a zana alwatika a mayar da amsa zuwa x, tunda da x aka yi tambayar. Wanda ya bar amsarsa a θ kuwa, sai ya rataya ƙatuwar alwatikar katako ta allo a wuya har a tashi. Samarin ajinmu har gasa suke yi. Ɗaya daga cikinsu, Kerwin, ya taɓa fita da ita wajen mai sayar da doubles, soyayyen burodin nan mai wake, a bakin ƙofa, matar ta ce, "Ɗana, wannan layar maganin me take yi?"

Ni dai tsoron alwatikar nan ya hana ni miƙa aiki har mako uku. Na karɓo takardar barin darasin lissafi, saura sa hannunka, alhali na san ba a zama injiniya sai da lissafi, kuma burina ke nan tun ina ƙarama.

Ka ce, "Kawo littafinki tukuna." Ka yi ta buɗawa. "Tambaya sha biyu, duk daidai, duk a θ! 'Yata, kin dafa abinci kin bar shi a tukunya."

Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, ba zan iya rataya alwatikar ba. Za su kalle ni."

Washegari ka warware misali a allo, ka bar amsar a θ, ka ajiye alli. Kerwin ya daka tsalle: "Malam, yau dai mun kama ka! Doka ba ta san furfura ba!" Ka rataya alwatikar kana taƙama kamar sarkin Kanibal, bikinmu na ado da raye-raye, ajin ya kaure da shewa. Da ka zo gifta kujerata ka rage murya ka ce, "Kin gani? Ba nauyi."

Ranar Juma'a na miƙa aikina. Na manta mayar da amsa zuwa x a tambaya ɗaya, na rataya alwatikar, aka yi dariya, ni ma na yi. Takardar nan ba ka taɓa sa mata hannu ba, ni kuma ban sake tayar da maganar ba. Sunana yana cikin masu zana jarrabawar Mayu.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya sa iliminka ya bi ka da lada. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Malama Nazreen da 'ya'yanku, Imtiaz da Ferisha. Allah ya ba ku haƙuri.

Idan editarmu ta yarda, ina roƙon ɗan gurbi kuma bayan sakamako ya fito a Agusta. Ko na ci ko na faɗi, ya kamata iyalinka su ji daga bakina.