Kwanar Famfo

Titin gajere ne, ko shayin da ka saya a tasha ba zai huce ba ka kai ƙarshensa. Ya taso daga gadar sama a bakin gari, ya ratsa unguwanni, ya ƙare a shataletalen masana'antu. A kansa Baba Akwai-sauka ya yi rayuwarsa yana jan bas, har furfura ta cika masa kai. Tun wurin yana daji shi ya raɗa wa mahaɗun suna: Gidan Mai, Kwanar Famfo, Bakin Makaranta. Famfon an tone shi tun 'yarsa tana goye, gidan man ya koma shagon katifa, amma kaf unguwar ba wanda ya canza baki. Mutanenmu ke nan, in sun riƙe abu sun riƙe.

Wata rana da hantsi Baba yana tsugune yana gyara ƙafar kujera, sai ya dafe ƙirji ya kife. Matarsa ta saki kwanon da ke hannunta.

"Malam! Na shiga uku, Malam, mene ne haka?"

Numfashi kawai yake sama-sama. Ta kira motar asibiti, aka haɗa ta da direban.

"Mama, ina ne gidan?"

"Kwanar Famfo, ɗana! In ka wuce Gidan Mai, ka shigo dama."

"Mahaɗa ta nawa ce? Lambarta nake so."

"Wace irin lamba kuma ana mutuwa? Kwanar Famfo nake ce maka!"

Direban baƙo ne, bawan Allah. Gidan mai ɗaya ya sani a titin, sabon nan na can kusa da shataletale, shi ya nufa. Tana rungume da kan mijinta ta ji jiniya ta taso, ta matso har ƙofar gida ta ɗauki rawa, zuciyarta ta ce alhamdu lillahi. Sai jiniyar ta wuce. Wallahi wucewa ta yi, tana ji tana nisa.

Ta fito a guje ba takalmi, ba mayafi, har bakin titi. Nan ta ɗaga kai ta ga allon hukuma, ƙato, kore, da lamba ɓaro-ɓaro a jikinsa. Shekara da shekaru tana bi ta ƙarƙashinsa zuwa cefane, ko sau ɗaya ba ta taɓa kallonsa ba. Mamaki ya kusa kashe ta a tsaye. Ta sake kira, tana kuka ta karanto lambar.

Da suka juyo, ma'aikacin jinya ya durƙusa kan Baba, ya danna ƙirji, ya danna, ya kara kunne. Can ya miƙe a hankali ya rufe jakarsa. Direban yana bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Mama, ɗazu na ga ƙofarku a buɗe, har na rage gudu," ya ce. "Da ban ga famfo ba na wuce."

Ta zauna daɓas a ƙasa, baki buɗe, kukan ma ya ƙi zuwa.