Kwana Tamanin da Bakwai na Kuo Ming-te

Shekara nawa ka yi a kan sana'arka, kuma idan wanda bai taɓa ganin aikin hannunka ba ya ce ka nuna masa su a takarda, nawa za ka iya nunawa? Kuo Ming-te ya yi ashirin da shida da wata biyu. Biyar kacal aka ce ya nuna, ya kasa.

A-te, kamar yadda kowa ke kiransa a unguwar masu ƙera injuna ta Taichung, mai kankare ƙarfe ne. Kowane injin yanka ƙarfe yana da doron da yake zamewa a kai, kuma sai hannu ya bi doron nan kafin ya daidaita. A shafa shuɗin fenti a shimfiɗaɗɗen farantin ƙarfe, a goga a kan doron, inda shuɗin ya kama nan ne tudu, a kankare shi. A sake shafawa, a sake kankarewa, har ɗigon shuɗin ya watsu daidai, sannan a ƙirga. Ɗigo ashirin a inci ɗaya aiki ne mai kyau. Arba'in kuwa sai wane da wane, kuma A-te yana cikin wanen.

Yana da shekara goma sha shida mahaifinsa ya kai shi shagon Maigida Liao da gwangwanin ganyen shayi a hannu. Ya yi shekara uku da wata huɗu na koyo kamar kowa, wata takwas na farko shara da wasa kayan aiki kawai. Ranar da ya gama, maigidan ya kai shi suka ci taliya, ya miƙa masa makankari sabo, ya ce gobe ya zo da wuri. Shaidar ke nan. Ya tafi aikin soja shekara ɗaya da wata goma, ya dawo bencinsa na da, ya auri Su-chin mai sayar da abincin safe a bakin kasuwa, suka haifi 'ya mace. Shagon da yake da ma'aikata goma sha ɗaya ya koma shida, ya koma uku, ya koma A-te da maigidan. Liao ya kai saba'in da shida, ya ce daga sabuwar shekara mai zuwa zai rufe. A-te yana da arba'in da huɗu, ya zaga shaguna bakwai, duk matasa suke nema masu aiki da na'ura.

Hanya ɗaya ce ta buɗe. Wani ƙaramin kamfani a Ohio, can ƙasar waje, ya taɓa kiransa ta waya a kan wani tsohon inji da ya gagare su, ya bi da su mataki mataki har ya gyaru. Suka ce suna son shi ɗin da kansa, kuma su ne za su nema masa izinin zama a matsayin ƙwararren ma'aikaci. Sharaɗin aikin shekara biyar na gogewa, da wasiƙar wanda ya yi wa aiki.

Maigida Liao ya rubuta wasiƙar da hannunsa, layi huɗu, ya buga jan hatiminsa. "Wannan yaro ya daɗe a wurina. Hannunsa bai gama faɗawa ba, har yanzu koyo yake. Ina roƙon ku yi haƙuri da shi, ku ci gaba da gyara masa." A-te ya karanta sau uku. Ya san maigida ba ya roƙon a yi haƙuri da wanda yake jin kunyar a gani. Ya kai aka fassara, ya aika ko tambayar kowa bai yi ba. Bayan wata biyar ofishin shige da fice na can ya amsa: an ƙi. Wasiƙar ba ta da kwanan wata, ba ta faɗi aikin da yake yi ba, kuma mai shagon da kansa ya ce ɗan koyo ne.

Kamfanin bai janye ba. Suka ɗauki wata lauya, Madam Tseng, haifaffiyar Tainan ta ƙasar su A-te, ta sake shigar da buƙatar tare da takardar inshorar ma'aikata. Wannan karon ba a ƙi ba, ba a kuma yarda ba. An aiko da takardar neman ƙarin hujja, da wa'adin kwana tamanin da bakwai. Kafin lauyar ta gama nazarinta ta kira shi da sassafe, saura saba'in da tara.

"Abu uku suke so, Malam Kuo," in ji ta. "Ranar da ka fara da awa nawa a mako. Ainihin aikin da kake yi, domin lebura kawai takardar inshorar ta kira ka. Na uku shi ne mai wuyar: bayani daga maigidanka a kan dalilin da ya sa ya ce ɗan koyo ne kai. Tsohuwar wasiƙar tana cikin fayil ɗinsu, ba za ta ɓace ba. In ba mu amsa ta ba, sun gama da mu, kuma kamfanin ya ce ba zai yi karo na uku ba."

A-te ya ce to. Kullum ƙarfe bakwai da rabi yana shago, taku huɗu tsakaninsa da maigidan, amma ya yi kwana ashirin da uku bai buɗe baki ba.

"Yau ma?" Su-chin ta tambaye shi tana zuba masa madarar waken suya. "Baban yarinya, bakin naka ka bar shi a aljihun wandon da na wanke ne?"

"Ba ki gane ba. Cewa zan yi masa ya yi kuskure."

"A'a, na gane sarai. Ƙarfe kake kankarewa shekara ashirin da shida, tsoho ɗaya mai haƙori tara ya gagare ka."

"Goma sha ɗaya ne."

"Ka ga? Har haƙoransa ka ƙirga, magana ce ba ka iya ba."

Washegari, lokacin shayin rana, ya faɗa wa maigidan. Ya ce mutanen can ba su fahimci wasiƙar ba, suna so a rubuta cewa ya iya aikin, ƙwararre ne. Liao ya ajiye kofinsa a hankali.

"In rubuta ka iya?"

"Haka suka ce, Maigida."

"Ni nawa maigidan ya mutu yana da tamanin da ɗaya, bai taɓa ce mini na iya ba. Ranar da aka gaya wa mai kankara ya iya, ranar hannunsa ke fara lalaci. Su waye su da za su koya mini rubuta wasiƙa? Sha shayinka."

A-te ya sha. Ya yi kwana goma sha takwas yana bin tsofaffin abokan ciniki a kan babur bayan an tashi aiki, ya samo wasiƙu biyu, duka cike da yabo. Ya aika wa lauyar hotonsu. Saura kwana talatin da bakwai ta kira.

"Suna da daɗin karantawa, amma ba za su tsallakar da mu ba. Wai me ka roƙi tsohon ya rubuta?"

"Cewa na iya."

"Wayyo, Malam Kuo! Wa ya ce maka yabo nake nema? Ma'aikacin da zai duba fayil ɗin nan yana ganin yabo ɗari a rana. Lamba nake so. Yaushe, inji nawa, wane iri, wa ya yi."

Ta kashe wayar. Ashe shi ma da idon maigidansa ya karanta buƙatar, ya ɗauka shaida ita ce a faɗi darajar mutum. Ya roƙi abu ɗayan da tsohon ba zai taɓa bayarwa ba, ya bar wanda tsohon ba ya iya riƙewa. Domin Liao yana iya yin shiru a kan komai, ban da lissafin da ba daidai ba.

Da safe A-te yana shafa shuɗi, ya ce kamar da kansa yake magana, "Lauyar ta tambaye ni inji nawa na kankare a shagon nan. Na ce mata kamar ɗari bakwai."

"Ɗari bakwai a gidan wa?" in ji Liao.

"Ko ɗari bakwai da hamsin."

"Kai dai kanka bai taɓa riƙe lamba ba. Ɗauko tsani."

A saman kabad ɗin bayan shago akwai gwangwanayen biskit goma sha huɗu. A-te ya san da su, domin duk injin da zai fita sai an cika masa kati: ranar shiga, ranar fita, irin injin, yawan ɗigo, da hatimin shago. Gaban katin kawai ya sani. Bai taɓa juya ɗaya ba, don da ya cika yake miƙa wa maigidan. A baya, da fensir, Liao ya rubuta sunan wanda ya yi aikin da abin da ya samu a ciki.

Kwana shida suka yi. Su-chin tana rufe rumfarta ƙarfe goma sha ɗaya ta zo ta zauna da littafi, tana ƙara dubu ɗaya da ɗari tara da goma sha ɗaya a kan kowace shekara don ta tashi daga lissafin ƙasarsu da ke kan katin ta koma wanda mutanen can suka sani. Tsohon yana ware katin, A-te yana karantawa. "A-te. Gefen hagu ya yi zurfi, a sake." "A-te. Gaggawa." "A-te. Ɗigo goma sha tara, ya ce ashirin."

"Ashe ka taɓa ƙarya," in ji Su-chin.

"Shekarata goma sha takwas lokacin."

"Goma sha tara," in ji Liao, bai ɗago ba.

A gwangwani na biyar rubutun ya fara gajarta. A na bakwai, daga watan Maris na 2009, babu komai a bayan katin sai suna. A-te ya juya goma, ya juya ashirin, ya buɗe gwangwani na gaba. Suna kawai.

"Maigida, nan ba ka rubuta komai ba."

"Me zan rubuta? Ban duba ba."

"Ba ka duba ba?"

"Ina da lokacin ɓatawa ne? Ci gaba, rana na yi."

A-te ya ci gaba, amma sai da Su-chin ta ce ya maimaita lamba biyu. Shekara goma sha biyar yana goge doron inji tas kafin ya tashi, yana jera faranti da shuɗi a inda hannun tsohon zai kai da safe, yana shigowa da fargabar abin da za a ce. Bai san ko ya yi murna ko ya ji haushi ba. Har yau idan an tambaye shi, cewa yake duka biyun ne, kuma bai gama raba su ba.

Jimilla ta kama inji dubu ɗaya da ɗari da sittin da uku. Lauyar ta aiko da tambayoyi goma sha biyu, Liao ya amsa kowace da lamba, aka haɗa wasiƙa shafi biyu wadda babu kalmar yabo ko ɗaya a cikinta. A kan tambaya ta ƙarshe, ta tsohuwar wasiƙar, aka yi kwana uku ana ja. Liao ya ce ba zai rubuta ya yi kuskure ba, don bai yi ba. Madam Tseng ta ce a gaya masa ba ta nemi haka ba, ya faɗi al'adar kawai da abin da ya faru. Ya rubuta: "A sana'armu maigida ba ya yabon wanda ya koya wa aiki a gaban baƙi, kuma da wannan al'ada na rubuta wasiƙar farko. Koyonsa ya ƙare a watan Disamba na 1999. Tun watan Maris na 2009 ban sake duba aikinsa ba, kuma babu injin da aka dawo mana da shi." Ya karanta sau biyu yana neman inda yabo ya ɓuya, bai samu ba, ya buga hatimi.

Shafi ɗari biyu da goma sha huɗu suka tafi, har da hoton katin da fassararsu, saura kwana tara. Amsa ta zo bayan kwana arba'in da bakwai: an amince. Ba tafiya ba ce tukuna, akwai jiran layi, gwajin likita da ganawa a gabansa, kuma A-te ya rubuta su a jere a bangon kicin. Amma kamfanin ya riƙe masa gurbin, kuma da shagon ya rufe a sabuwar shekara, ya rufe ne A-te yana da inda za shi. Ranar da ya gaya wa maigidan, tsohon ya gyaɗa kai, ya tambaya ko can akwai sanyi, ya ce to ya nemi safar hannu mai kauri, yatsu ne jarinsa.

Kai ma ka gwada a makon nan. Ɗauki takarda, rubuta ranar da ka fara, wurare nawa, ayyuka nawa, da wanda ya gani. Inda ka tsaya kana shakka, ja layi a ƙarƙashi. Sannan ka kai wa wanda ya koya maka, tun yana raye kuma idonsa na gani, ka roƙe shi ya cike gurbin ya sa hannu.