San Watandar Lungunmu

Ƙaramar Sallar farko ce bayan sojoji sun miƙa mulki, fastocin 'yan takara ba su gama ɓamɓarewa daga katangun unguwarmu Koki ba. Na gama sakandare, ina zaman gida. Gidajen lungunmu suka yi watanda kamar kowace shekara, a haɗu a sayi sa guda, a yanka, a kasa naman. Kawu, yayan Ummanmu, shi aka ba kiwonsa a kangon bayan gidanmu.

Tun zuwan san nan yake zawo. Ni nake kai masa dusa, da idona na gani. Kawu ya riƙa sayo kafso, mai ja da rawayan nan, yana farkewa a ruwan shansa. Yau a ba shi, gobe a manta, in ya ɗan miƙe a daina. Umma ma haka take yi wa kanta in cikinta ya murɗa, ƙwaya biyu, shi ke nan.

Na ce wa Kawu a kira likitan dabbobi. Ya ce tun ba a haife ni ba yake kiwo, kuma bokon nawa bai kai kan shanu ba tukuna. Ana jajibiri san ya kwanta, aka yi maza aka sa masa wuƙa kada ya zama mushe. Kowa sai hamdala yake, an riga shi.

Kayan cikin san kuwa, gidanmu aka kawo su. Umma ta wanke hanji da tumbi, ta ɗauraye wuƙar sama-sama ta yanka latas da tumatir a faranti ɗaya. Ni haushin Kawu ya hana ni ci, ba wayo ba.

Washegarin Sallah da hantsi Umma ta shiga banɗaki sau bakwai. Ta sha kafsonta, ta amayar. Da la'asar na ga jini a abin da take yi. Muka sa ta a tasi sai asibiti, ashe rabin lungunmu suna can, wasu a tabarma a baranda, ana riƙe musu ledar ƙarin ruwa da hannu. Gadon kusa da Umma tsohuwar maƙwabciyarmu ce, mai ƙosai.

Kwana uku ana yi wa Umma allura, zazzaɓin ko gezau. Aka canza wata. In na tsunkuli fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye, ta ƙi komawa. Na tare likitar a ƙofa, wata doguwar mata mai tabarau, na ce ko dai jabun magani suke ba mu.

Ba ta yi fushi ba. Ta tambayi abin da muka ci, na zayyana mata har da kafson Kawu. Ta cire tabarau ta murza ido.

"'Yan mata, ƙwayar cutar ta riga ta saba da maganin tun a cikin san. Saura guda ɗaya muke da shi a nan."

"In shi ma bai yi ba fa?"

Ta ce in je in zauna kusa da mahaifiyata.

Ranar aka ja zane aka rufe mai ƙosai. Na juya Umma ta fuskanci bango don kada ta gani. Kawu ya zo da ruwan rubutu a kwalba, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ban gaishe shi ba, kuma har yau ban ji na yi laifi ba.

Aka fara allurar ta uku. Na daina kallon fuskar Umma, ƙirjinta kawai nake kallo, yana hawa yana sauka. Kwana biyu haka, ko wanka ban yi ba. Da safiyar na ukun na taɓa goshinta na ji sanyi, na ɗauka ta tafi. Gumi ne. Ta buɗe ido da ƙyar, ta ce in ɗage hannuna, na danne mata robar ƙarin ruwan.