Ƙofar da Ba a Tsayawa

A shekarar da ambaliya ta ci Jidda, ana gobe hawan Arfa, motoci suka hau kan juna a tituna kamar an zubar da gwangwanaye. Allah ya jiƙan waɗanda ruwan ya tafi da su. Mu da muka rage, da laka ta bushe sai gari ya shiga neman inji da lagireto da fitilun mota. Kafilina, wato mutumin da iƙamata, takardar izinin zamana, take ƙarƙashin sunansa, yana da sito na tsofaffin kayan mota a Khumra, kuma kafin Muharram ya fita babu abin da ya rage a ciki sai ƙura. Sai ya yanke shawarar tura mota Sharja, can gaba da Dubai, a ɗauko kaya.

Mu biyu ne direbobinsa, kowa da motar ɗaukar kayansa, irin wadda ake ce wa wanet. Ni da ƙanin matata. Ni ne babba, na riga shi shiga aikin da shekaru, don haka ni aka ce zan tafi. Tun da na zo umra ina saurayi na maƙale a ƙasar nan, ban taɓa tsallaka wata iyaka a mota ba. Har na sa an duba mini tayoyi.

Sai ga ƙanin matar tawa ya same ni a gida. Haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci.

"Yaya Malam, ka bar mini wannan. Ruwa ya shiga ɗakina, ko katifa babu, yara a ƙasa suke kwana. Kuɗin tafiyar zai tashe ni. Ta gaba taka ce, wallahi."

Yayarsa tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona. Na je na ce wa kafili a tura shi.

Da ya dawo, kafin in ga kayan da ya kawo, na ga wani ɗan abu manne a gilashin gaban motarsa, bayan madubi, bai kai tafin hannu ba. Ya ce a Dubai biyan hanya ake yi, amma babu shinge, babu mai karɓa. Wani ƙarfe ne aka gitta a saman titi, in ka wuce ta ƙarƙashinsa sai ya karanta wannan ɗan abin, ya cire kuɗi daga wanda ka zuba a ciki. Ba a tsayawa, ba a ko rage gudu.

A Jidda babu titin da ake biya, saboda haka abin ba shi da wani aiki a nan. Amma a majalisarmu ta bakin masallaci a Mahjar, bayan la'asar, babu wanda bai je ya leƙa shi ba. Wani dattijo mutumin Damagaram ya ɗora yatsa a kan gilashin ya ce, "Yaro, laya ce?"

"Layar Dubai ce, Baba. Hanya na ganinta take buɗewa."

Dattijon ya waiwayo gare ni. "Malam, kai da ka yi allo da ajami, ka iya rubuta mana irinta?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma iyakarta haƙora.

Tafiya ta biyu ta zo, kafili ya ce wanda ya san hanya ya koma, kuma motarsa ce take da abin biyan. Ƙanin matata ya dafa kafaɗata ya ce, "In sha Allahu ta gaba, Yaya." Haka ta uku. Daga nan ya daina ma faɗa. Ni kuma aka bar ni da zirga-zirga tsakanin Khumra da garejojin Kurayyat, ina sauke injunan da shi ya ɗauko.

In yana wanke mota, sai ya kewaye ɗan abin da tsumma a hankali kamar mai wanke idon jariri, ni kuwa ina gefe ina jin kamar ƙirjina ake gogewa da yashi. A gida matata ta koma ba ta da zance sai "ƙanina ya ce a Dubai kaza". Ya kawo mata turaren wuta, ɗaki ya ɗauki ƙamshi, na ce yana sa ni tari. Na daina ajiye motata kusa da tasa a bakin masallaci. In na zo karanta surorin neman tsari da safe, na iso wurin da ake maganar mai hassada, sai in ji harshena ya yi nauyi. Na san sarai abin da ke damuna, na yi ta istigfari, amma da na hango gilashin nan sai ya dawo sabo.

Har Ramadan ya wuce ban ce masa komai ba. Wata Juma'a bayan an sauko, na tarar da shi yana goge gilashin. Na tsaya a bayansa.

"Ta gaban nan ba ta iso ba har yanzu?"

Ya juyo yana dariya. "Ya shekh, kai da in ka je Ɗa'ifa sai an shafa maka man zafi a baya?"

Da ya ga ban yi dariya ba, ya ajiye tsumman.

"Yaya, ai ba ka sake magana ba. Na ɗauka ka fasa."

"A ina ka ga babba yana bin ƙaninsa yana roƙon abinsa? Aro na ba ka, ba kyauta ba."

Ya kalli ƙasa, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan." Washegari ya je wurin kafili da kansa. Ya ce tafiya mai zuwa tawa ce, a motata, ladan duka nawa, shi kuma zai zauna a gefe ya nuna mini hanya ba tare da an ba shi ko riyal ba. Kafili ya yi gunaguni kan takardun fita na mutum biyu, amma ya yi.

Muka bi ta Riyad, muka yanki sahara har iyakar Baɗaha. A can na fito da takarduna a jere, na tsaya inda aka ce in tsaya, aka buga hatimi. Irin wannan ƙofar na san ta. Kafin mu shiga Dubai ya sa na ratse wani gidan mai, domin abin ba ya tashi daga mota zuwa mota, in an ɓanɓare shi ya mutu, dole kowace ta sami nata. Na ba da takardar mota, aka rubuta lambarta. Ya ce a sa layin wayarsa na can don saƙo ya riƙa zuwa masa in kuɗin ya kusa ƙarewa. Na ce a'a, na sayi layina. Na goge gilashin da bakin hiramina, na yi bisimilla, na manna. Ya ɗan karkace.

"Yaya, ya karkace."

"Nawa ne dai."

Titin da muka hau faɗinsa ya fi na duk wanda na sani, motoci a kowane gefe suna gudu kamar an koro su. Can ya nuna da hannu. "Ga ta nan. Kada ka rage gudu, wuce kawai."

Na ɗaga ido na ga ƙarfen a gitte, da kyamarori a jere suna kallon ƙasa. Na yi shekaru masu yawa a Jidda ba ni da iƙama kafin Allah ya haɗa ni da kafili, ina hango shingen bincike sai in sake hanya. Da na sami takarda kuma sai na zama mai riga kowa tsayawa, in miƙa kafin a tambaya. Ban san lokacin da ƙafata ta taka birki ba. Na tsaya cak a tsakiyar titi, na sauke gilashi, na zaro iƙama na miƙa hannu waje.

Ham ya tashi ta ko'ina. Wata babbar mota ta kauce mana da ƙyar, har iskarta ta girgiza wanet ɗin.

"Yalla, Yaya, yalla, tafi! Wa za ka nuna wa? Ƙarfe ne!"

Na taka mai, muka wuce. Allah ya kiyaye, babu wanda ya taɓa mu. Rigata ta jiƙe sharkaf da gumi. Shi kuwa da ya dawo hayyacinsa sai dariya ta kama shi, yana dukan cinya har da hawaye. Da ya dubi hannuna ya ga har yanzu iƙamar tana tsakanin yatsuna, sai ya daina. Ya karɓe ta ya mayar mini aljihu. Shi da takardarsa aka haife shi, bai taɓa ɓuya a bayan sito don an ce masu bincike sun shigo layi ba. Har wannan ma sai da na ji kishinsa a ranar.

Muka kwana biyu a Sharja, muka loda injuna, na ɗaure su da hannuna. A hanyar dawowa, da ƙarfen ya sake bayyana, ƙafata ta fara ɗagowa da kanta. Na danne ta a kan totur, ina salati a hankali. Inuwar ƙarfen ta gifta ta kan gilashi, shi ke nan, babu ƙara, babu wanda ya dube mu.

Sai da muka bar gine-ginen a baya ya ce, "To, Yaya Malam, na fita?"

"Ka fita."

"Ba sauran komai a kaina?"

"Babu. Allah ya yi maka albarka."

Ya cire takalmansa, ya rufe fuska da hula, ya jingina da ƙofa. Bai sake nuna mini hanya ba har Baɗaha.