Littafin Inna Mai Suna Uku

Ranar wata Laraba, bayan an gama yankan gero, ina da shekara tara, wani malamin ofis ya jingine kekensa a ƙofar gidanmu a Bodinga. Zamanin Turawa ne, an aiko shi daga Sakkwato ya rubuta sunayen littattafan da ke hannun malamai. Ina tsakar gida ina shanya takardun kakana a tabarma, ina danne kowace da tsakuwa, ina korar kaji. Tun da idon kakana ya mutu ni ce mai kula da gafakokin littattafansa. Da safe in ɗebo ruwa, in kai wa babana fura gonar albasa, da hantsi in zazzage gafaka saboda gara, ƙawayena na gindin tsamiya suna carafke.

Cikin gafakokin akwai wata ja, mai ɗauke da waƙoƙin wa'azi da kakata ta rubuta da ajami. Ta rasu kafin a haife ni, gara kuma ta cinye takardar farko inda sunan littafin yake. A gidanmu Littafin Inna muke cewa. Matan unguwa Jar Gafaka suka sani. Danginta na Shagari kuwa Waƙar Makwanci suke kiransa.

Aka ce in kai gafakokin zaure. Da aka zo kan jar, baƙon ya ce, "Allah shi gafarta Malam, mi as sunan wanga?" Kakana ya lissafa masa ukun. Baƙon ya yi murmushi ya ce layi guda gare shi a takardarsa, ya rubuta wani abu da boko, sannan ya roƙi aron littafin a kwafa a birni, ya maido bayan Sallah. Ni na miƙa masa da hannuna. Ba wanda ya tambayi abin da ya rubuta.

Sallah ta wuce, daga baya muka ji baƙon ya rasu. Sau biyu babana yana zuwa Sakkwato. Aka buɗe masa wani babban kundi, aka ce ya faɗi suna. Ya faɗi ukun, babu ko ɗaya a ciki. Muka ɓoye wa kakana, muka ce an maido. Kullum da hantsi sai ya juyo da fuskarsa inda yake jin motsina ya ce, "Ɗiyata, an shanya na Inna?" In ce an shanya. Sai ya ɗan rera baitocin da ya riƙe, kowane wata suna raguwa. Bai taɓa cewa in kawo ya shafa ba, shi ya sa nake zaton ya sani. Kafin damina kakana ya cika.

Daga baya na yi boko, na ƙare aikina a ɗakin karatu. Duk littafin da ya biyo ta hannuna sai na yi masa kati da sunan bango, da na ciki, da wanda mutane ke kiransa, har abokan aiki suna cewa ina ɓarnar kati. Yanzu na'ura ke nema, jikata ta buga mini sunayen nan uku, ba abin da ya fito. Wataƙila yana nan lafiya a wata kanta, ƙarƙashin suna na huɗu wanda baƙon nan ya rubuta, ya tafi da shi kabari. Masu iya baitocin a Shagari duk sun ƙare. Har yau in na gifta tsofaffin rubuce-rubuce nakan rage sauri.