Ɗorawar Inna Habi

Har yau ranar da na sa aka sare ɗorawar Inna Habi ba ta fita raina ba. Ku da kuka kama aikin malamin gona kwanan nan, ga laifina, ku ji shi daga bakina.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci, an tura ni yankin Gozaki in kafa gonar gwaji. Yadda ake yi shi ne, a zaɓi gonar manomi ɗaya, ofis ya ba da iri da taki, a ja igiya a yi shuka a layi, da kaka a tara maƙwabta su gani da idonsu. Na zaɓi gonar Malam Isiyaku don tana bakin hanya. Aibinta ɗaya a wurina: wata babbar ɗorawa a tsakiya.

Da shugabanmu na shiyya ya zo dubawa cikin bazara, ya ɗaga kai ya ce, "Wannan inuwar fa, Sale?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni kuwa ina neman ƙarin girma, sai na ɗauke shi umarni.

Na sami Malam Isiyaku na ce a sare ta. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba tawa ba ce. Da aka raba gadon mahaifinmu, ni na sami ƙasa, Yaya Habi ta sami itacen. Da kalwarsa take daddawa." Yayar tasa tsohuwa ce makauniya, a gidansa take zaune. A zuciyata na ce dabarar ƙauye ce kawai. Ran Juma'a da ya tafi masallaci, na kawo mai injin yankan katako. Kafin a sauko, itacen yana kwance, 'ya'yansa da suka kusa nuna sun watsu a ƙasa.

Malam Isiyaku bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Kai za ka faɗa mata."

Na same ta a tsakar gida tana tsince kalwa. Na durƙusa na faɗa mata, ina ta haɗawa da sunan ofis, alhali ofis bai aike ni ba. Ta ce in kama sandarta in kai ta gonar. Da muka isa ta shafa kututturen da tafin hannu a hankali, har ta zagaye shi, sannan ta zauna a kai.

"Ɗan nan, me ka gani a jikinta?"

Na ce, "Inuwa, Inna. Tana hana masara yi."

Ta ɗaga fuskarta sama. Can ta ce, "Tun ina yarinya nake kwanciya a nan in kalli furanninta, jajaye, suna lilo kamar tuntun hula. Da idona ya tafi, su ne suka rage mini. In na ji kukan zuma a kanta, sai in gan su sarai, in san shekara ta zagayo. Yanzu wa zai gaya mini?" Ta share gumi ta ƙara da cewa, "Rana ta yi yawa a nan. Mayar da ni gida."

Masara ta yi kyau a shekarar. An tara manoma, an tafa mini, ƙarin girman ma ya zo. Ni dai ina tsaye ne ina kallon gurbin itacen.

Da damina ta sake dawowa na nemi gafararta, na kuma gaya mata gaskiya cewa ba wanda ya sa ni. Ta ce ta yafe, amma in dasa wata. Na dasa a gefen kututturen, na kewaye ta da ƙaya. Ɗorawa ba ta sauri. Inna Habi ta rasu tun itacen bai kai kafaɗata ba.

Abin da na koya shi ne, gona ɗaya ce amma kowa da abin da yake gani a cikinta. Kafin ku ja igiya, ku tambayi mai kowane itace, ku kuma je ku gaishe shi.

Bara, bayan na yi ritaya, na koma Gozaki a farkon bazara. Ɗorawar ta yi fure. Na zauna a ƙarƙashinta na rufe ido, sai na ji zuma tana kuka a kanta. Duk shekarun da na yi ina yawo a gonaki, ranar na fara jin kukanta.